Muryar Da Ya Ƙirƙira Ta Shiga Gidansa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, ɗan jarida ne, kuma ya san aikinsa. Ya yi shekaru a wani gidan rediyo ƙarƙashin wani tsohon edita mai tsantseni, wanda ba ya sakin labari sai an ji ta bakin kowane ɓangare. Wannan tsantsenin ne ya ishi mutumin namu. Ya ce kafin tsoho ya gama bincikensa, yara masu waya sun cinye labarin sun sha ruwa. Sai ya ajiye aiki, ya buɗe shafin kansa. Kujerar falonsa ta zama ofis, kayan aiki kuwa waya ce da caja. Saboda gaggawarsa har abokai suka laƙaba masa Ɗumi-Ɗumi.

Wata rana aka turo masa bidiyon wani yaro yana jijjiga a kan gadon asibiti. Ba sunan yaron, ba gari, ba kwanan wata. Wanda ya turo ya ce wai allurar da ake yi a asibitin yara na unguwarsu ce ta jawo. Asibitin nan, jama'a, in ya leƙa ta tagar ɗakinsa yana hango rufinsa. Me zai hana shi sa takalmi ya je ya tambaya? Bai je ba. Ya wallafa.

Da ya ga labarin bai ja mutane yadda yake so ba, sai ya buɗe irin manhajar nan da ake rubuta mata magana ta faɗa da muryar mutum. Ya zauna ya tsara kalmomi, ta fito masa da muryar mace tana shessheƙa, tana cewa ita ma'aikaciyar jinya ce a can, kuma da idonta ta ga yara suna mutuwa ana rufa-rufa. Wallahi ko kai ka ji sai tsikar jikinka ta tashi. Kafin yamma muryar ta gama gari, masu bin shafinsa suka ninka, shi kuwa baki har kunne.

Likitar asibitin ta tako har ƙofar gidansa. Ta nuna masa bidiyon ba nasu ba ne, ba su ma da irin wannan gadon. Ta ce iyaye sun daina kawo yara, ta roƙe shi don girman Allah ya fito ya gaya wa mutane gaskiya. Ya ga in ya yi haka girmansa ya zube. Sai ya goge abin a shafinsa shiru-shiru, ya ce mata ai magana ta wuce. Ina! Magana zarar bunu ce. Ya goge tasa, amma tana nan cikin wayoyin mutane, kuma sunansa ma ya ɓace daga jikinta.

Mutumin nan yana da 'ya guda ɗaya tak, ƙarama, ko makaranta ba ta shiga ba. Ran nan ya yi tafiya wani gari farautar labari, da hantsi matarsa ta kira shi tana kuka. Yarinya ta kwana da zazzaɓi, yanzu idonta ya kakkafe, jikinta yana sanƙarewa. Ya ce ta ɗauke ta maza zuwa asibitin yara, ga shi nan kusa. Ta ce ba za ta kai 'yarta mahallaka ba. Mahaifiyarsa tana ɗakin, tana shafa wa jikarta tsumma mai sanyi, ta karɓi wayar ta kunna masa muryar nan daga tata wayar, wadda wata ƙawarta ta turo mata.

Ya ji kalmomin da ya tsara da yatsunsa suna fitowa daga ɗakin kwanansa. Ya ce, "Mama, don Allah ki saurare ni. Babu wata ma'aikaciyar jinya. Ni na haɗa muryar nan a waya, ƙarya ce."

Ta ce, "Haba ɗan nan, don ka kwantar mana da hankali za ka yi wa kanka ƙazafi? Mace tana kuka haka ka ce waya ce? Ni na ji da kunnena."

Ya rantse, ya yi magiya, ya yi faɗa, ya koma kuka. Ko gezau. Matar ta ce wani asibitin yana da nisa kuma ba mota, gara su jira shi. Ya kira maƙwabcinsa ya taimaka, maƙwabci ya ce shi kam ba zai ɗauki alhakin kai 'yar mutane can ba, shi ma ya ji muryar. Mutumin namu ya shiga motar haya zai dawo gida, ya rubuta a shafinsa cewa labarin asibiti shi ya ƙirƙira. Masu binsa suka yi masa caa, wai an toshe masa baki.

Da ya iso, ya saɓi yarinyar ya fita da gudu ba takalmi. Ɗakin jiran asibitin wayam, kujeru ba kowa. Likitar ta gane shi sarai. Ta karɓi 'yar, ta yi iya ƙoƙarinta. Bayan ɗan lokaci ta fito tana share ido, ta ce lokaci ya ƙure, a yi haƙuri.

Kuna tsammani a nan abin ya tsaya? Ana zaman makoki saƙo ya shigo wayarsa. Wani shafi ya ɗauki hoton 'yarsa ya haɗa da muryar nan, ya rubuta cewa asibitin ya sake hallaka wata yarinya. Matarsa kuwa, da ta tabbatar da gaskiyar abin da ya faɗa, ta tattara kayanta ta bar masa gidan. Mahaifiyarsa ba ta ƙara iya haɗa ido da shi ba. Har yau yana bin mutane ɗaya-ɗaya yana roƙo su goge, suna masa kallon wanda baƙin ciki ya taɓa wa ƙwaƙwalwa.

Ya 'yan uwa, rai da ajali na Allah ne, amma alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Labari amana ne. Kai ɗan jarida, ka bincika kafin ka wallafa, in ka yi kuskure ka fito ka gyara da ƙarfin da ka faɗa. Kai ma mai turawa gaba, yatsanka abin tambaya ne ranar hisabi. Ba ka san ɗakin da saƙonka zai shiga ba, ba ka kuma san wanda ke kwance a cikinsa ba.

Allah ya kiyaye mu da faɗin abin da ba mu da sani a kai. Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga cutar da bayinsa, ya ba mu ƙarfin zuciyar gyara kuskure tun gyaran yana da amfani. Amin.