Mutumin da Ya Fasa Bangon Gidansa

Akwai wani mutum da ya daɗe yana zaman haya, shi da matarsa Keziya da 'ya'yansu. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi wani tsohon gida a bayan kasuwa. Shi ne gidansa na fari. Don murna, ya sa aka shafe shi da fenti ciki da waje, ya kuma gayyaci 'yan ikkilisiya su zo addu'ar shiga gida ran Lahadi.

Kafin ranar, ya kira wani mai gyaran wuta mai suna Dogara, ya nuna masa inda yake so a sa firji, da fankoki, da injin jan ruwa. Sa'an nan ya ce, "Amma ka fara duba mini wayoyin da na tarar, ko za su ɗauki wannan kaya."

Dogara ya hau silin ya sauko, ya ce, "Maigida, wayoyin nan sun tsufa, ga su sirara. In kana sauri, sai in jona maka a kansu yau, wuta za ta kama. In kuwa sabuntawa kake so, sai an fasa bango."

Keziya ta ce, "Baban Nuhu, fentin ko bushewa bai gama yi ba. Ga baƙi suna zuwa. Me za su ce?"

Mutumin ya dubi bangon. Sai ya ce, "Baƙi za su zo su tafi. Mu ne za mu kwana a ciki. A fasa."

Aka sa guduma. Ran Lahadi jama'a suka zo, suka yi addu'a a tsaye cikin ƙura, waɗansu suna dariya a ɓoye. Mutumin kuwa ya yi ta yi musu maraba, ko a jikinsa.

Kashegari aikin ya kai ɗakin yara. Da aka buɗe bangon, sai ga waya ta narke, katakon da ke samanta ya ƙone ya yi baƙi ƙirin, daidai inda za a ajiye gadonsu. Keziya ta tsaya tana kallo. Daga nan ta ɗauko tsintsiya da kanta, ta ce wa Dogara, "Kada ka bar ko ɗaki ɗaya." Aka sabunta gidan duka, suka zauna cikinsa lafiya.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Gidan shi ne ranka. Tsofaffin wayoyin su ne halayen da ka zo da su tun kafin ka san Ubangiji: fushi, da riƙo, da ƙaryar da ka saba da ita har ba ka jin nauyinta. Da yawa cikinmu muna so mu jona sabon abu a kansu, aure ko hidima ko shugabanci, don dai a ga haske a waje. Za su yi aiki na ɗan lokaci, amma ba za su ɗauki nauyin ba, waɗanda ke kusa da kai kuwa su ne za su fara ƙonewa.

Saboda haka ka roƙi Ubangiji Yesu ya duba cikinka. In ya ce sai an fasa, kada ka ji tsoro, kada kuma ka ji kunyar idon mutane. Bai taɓa buɗe bango ya tafi ya bar shi a buɗe ba.