Ina Zuwa

Akwai wani mai haɗa manhajar waya da abokan aikinsa ke kira Injiniya. Ya iya aiki, kuma ya san ya iya.

Wata safiya manhajarsu ta dinga sandarewa. Da ya bincika sai ya gano dalili. Akwai wani sashe na manhajar da aka ce ya zauna jiran saƙo, sai a rufe layin ba a gaya masa ba. Sashen kuwa ya yi ta jiran abin da ba zai zo ba.

Ya juya kan abokin aikinsa da ya rubuta wurin.

"Malam, haka ake rufe layi? Ka fara sallamar mai jira, ka ji ya amsa, sannan ka rufe."

Yana cikin faɗan wayarsa ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce. An sauya mata maganin hawan jini, ita kuma ba ta karatu.

"Auta, farin ne kafin abinci ko jan?"

"Ina zuwa, Inna," ya ce, ya kashe wayar, ya koma kan gyaransa.

A bakinsa, "ina zuwa" hanyar kashe waya ce kawai. A kunnenta kuwa alkawari ne.

Sai bayan la'asar ya biya ta gidan, yana jin daɗin aikin da ya kammala. Ya tarar da ita kan tabarma, ta jingina da bango, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Ga kwanon abinci a rufe, ga magunguna biyu, ga waya a cinyarta. Ba ta ci ba, ba ta sha ba.

"Inna, tun safe? Me ya hana ki sake kira?"

"Ka ce kana zuwa. In tsaya ina damun mai aiki?"

Ya karanta takardar maganin, ya ɓallo farin, ya miƙa mata ruwa. Ta haɗiye, ta dube shi.

"Da ka ce ba ka da lokaci, da na leƙa maƙwabta an karanta min. Ai ba laifi ba ne."

Ya ba ta haƙuri, ta ce ya wuce. Amma da aka sake sauya mata magani, gidan maƙwabciya ta nufa da ledarta. A bakin maƙwabciyar ya ji.

Darasi: Kada ka bar mutum yana jiranka alhali ka riga ka rufe ƙofa. In ba za ka iya ba, faɗa masa a fili ya nemi wata hanya. Ku tura wa 'ya'yanku da jikokinku su karanta.