Makullin Rijiyar Tungar Ƙirya

Ku gyara zama, yau ba labarin Gizo na zo da shi ba. Shari'a ce na kawo muku, kuma ni ba zan yanke ta ba.

Can arewa, inda hanyar mota take ƙarewa ta bar mutum da ƙafarsa, akwai wani ƙauye da ake kira Tungar Ƙirya. Da can gari ne mai kasuwa da maƙera. Sai rijiyarsu ta fara ja da baya, aka yi ta yasa ana tarar da laka, har ta ƙafe ƙaf. Mutane suka riƙa ɗaure kaya gida bayan gida. Da damina wasu kan dawo su yi noma su sha ruwan tafki, amma da an kai amfani rumbu sai garin ya koma shiru. A cikin masu garin akwai 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya: Gwamma ce babba, sai Nomau, sai autansu Korau.

Korau ne ya ce shi ba zai zuba ido ba. Ya ji a rediyo cewa gwamnati tana ware kuɗi don raya ƙauyukan da ke nesa, sai ya tafi babban birnin jiha ya tambayi inda ake rabon. Aka nuna masa ma'aikata, masu gadi suka nuna masa hanyar fita. Bai yi boko ba, bai san kowa ba. Sai ya kafa teburin shayi a bakin ƙofar. Duk wanda ya zauna shan shayi, daga masinja har darakta, sai ya sha da labarin ƙauyen da ba ruwa. Suka gaji da shi, suka mai da shi abin tsokana, har sunansa ya ɓace, kowa sai dai ya ce, “Tungar Ƙirya, ƙaro madara.” Yarinyar da aka yi masa alkawari ta gaji da jira ta yi aure. Mahaifiyarsu ta rasu, labari bai iske shi ba sai bayan an yi sadakar arba'in. Ya yi furfura a bakin ƙofar nan, yana kwana a ƙarƙashin teburinsa, a garin da ba mai tambayarsa ya ya kwana. Wata shekara ana tsara kasafi, aka ce a kawo ƙauye ɗaya daga wancan yankin, duk ɗakin ba wanda ya san ko ɗaya. Sai wani ya yi dariya ya ce a sa na mai shayi. Haka sunan ya shiga, cikin raha.

To amma gwamnati ba ta haƙa wa kufai rijiya. Sai an turo masu dubawa sun ga akwai mutane, kuma ba sa zuwa da damina, don mota ba ta shiga. Da rani suke zuwa, lokacin da ba kowa. Ba kowa sai Gwamma. Mijinta ya rasu, 'yarta tana aure a birni, ta yi aike har ta gaji, Gwamma ta ce ba inda za ta. Takan kora jakinta tun da safe zuwa wani gulbi mai nisa, ta tona yashi ta ɗebo abin da ya samu. In ta dawo sai ta bi gidajen mutane da tsintsiya. Ta share ƙofar wannan, ta ɗaure dangar wancan, ta kore gara daga rumbun wanda ko sallama bai yi mata ba da zai tafi. Masallaci ma ba ta bar shi ba, tana share harabar tana cika tulun alwala, alhali ba mai kiran salla. Ni abin da ya fi taɓa mini zuciya, wai takan yi sallama a ƙofar kowane gida kafin ta shiga, don kada bakinta ya manta magana. Ranar da masu dubawa suka zo, suka tarar da gari fes, kaji na yawo, hayaƙi na tashi. Suka tambaye ta ina mutanen.

Ta ce, “Sun je neman ruwa, 'ya'yana. In kun kawo, za su dawo.”

Suka koma suka ce ƙauye na nan da ransa.

Sai aka zo da na'urar neman ruwa. Aka auna gabas, aka auna yamma, ko'ina dutse. Wuri ɗaya tak aka samu, a tsakiyar gonar Nomau, gonar gado, wadda ita kaɗai yake da ita. Kuma ba rami kawai za a yi ba: za a kafa tanki, a jera farantan sola, a yi wurin shayar da dabbobi da hanyar manyan motoci. Gonar dai ta tafi gaba ɗaya. Ƙa'idar aikin kuwa ita ce gari ne ke ba da fili kyauta, ba diyya, in an ƙi a wuce ƙauye na gaba. Matarsa ta ce in ya yarda ya yanka su da ransu. 'Ya'yansa maza suka ce gadonsu ne, ba nasa shi kaɗai ba, kuma ban ce ƙarya suka yi ba. Nomau ya zagaya gonar nan shi kaɗai, ya dawo ya ce a haƙa. Matar ta kwashe yaran ta koma garinsu. Babban ɗansa ya aiko masa cewa ko a hanya suka haɗu ba sai sun gaisa ba. Tun daga ranar yake dafa wa kansa abinci, yana ci yana kallon bango.

Ruwa ya fito. Mutane suka dawo, kowa ya tarar da gidansa a share, kaɗan ne suka tambayi wanda ya share.

Ranar da za a miƙa aiki, injiniyan da ya jagoranci haƙar ya tara gari a gindin tanki. Ya ce an gina ɗan ɗaki a gefe, kuma gwamnati za ta ɗauki mutum ɗaya ya riƙe makulli, ya buɗe famfo da safe ya rufe da yamma, da ɗan alawus da zai riƙe shi. Aikin ba ya son ƙarfi. Amma duk wanda ya samu, kullum garin Allah ya waye mata da yara da makiyaya za su taru a ƙofarsa, a gaishe shi, a yi hira, a yi faɗan layi a gabansa. Ku da kuke cikin mutane ba za ku san darajar wannan ba.

Kowa ya san cikin 'yan'uwan nan uku za a zaɓa. Kada wani ya ce mini su raba, don na san da masu wannan wayon a cikinku. Ɗakin ɗaya ne, alawus ɗin bai isa baki biyu ba, kuma cikin ukun ba mai abin da zai riƙe ɗan'uwansa. Gwamma ƙarfinta ya ƙare a hanyar gulbi. In ba ta samu ba, 'yarta za ta zo ta ɗauke ta. Nomau ba gona. In bai samu ba, sai ya bi 'yan ci-rani da tsufansa. Korau ya dawo ya tarar ɗakinsa ya zube, rabin garin ba su ma gane shi ba. In bai samu ba, sai ya koma bakin ƙofar ma'aikata. Ke nan mutum ɗaya ne zai zauna ya sha ruwan nan, biyu za su bar garin da suka raya.

Injiniya ya ɗaga makulli ya ce, “Wa zan ba?”

Ba wanda ya miƙa hannu a cikinsu. Gwamma ta dubi ƙasa, Nomau ya dubi inda gonarsa take a da, Korau ya dubi hanya. Direban injiniya kuma ya riga ya ta da mota.

Ba don Korau ba, da ba a san da garin ba. Ba don Gwamma ba, da an tarar da kufai. Ba don Nomau ba, da an wuce ƙauye na gaba. To, ga makulli na sa a hannunku. Wa za ku ba, kuma waɗanne biyu za ku raka bakin hanya?