Clovis da Injin Mai Doguwar Wutsiya

Akwai wani dattijo a garinmu na bakin fadama, can kudancin Louisiana, sunansa Clovis Trahan. Allah ya ba shi baki. In ya fara labarin farauta, sai ka rantse agwagin daji layi suke yi su gaishe shi kafin ya harbe su. Haka muke ƙaunarsa, don cika bakinsa bai taɓa cutar da kowa ba.

Abokin farautarsa ɗaya ne tun suna samari, Dewey Sonnier. Clovis ke da jirgi, shi ke tuƙi. Dewey kuwa gwanin busa usur ɗin kiran agwagi ne, in ya busa har mai wucewa sai ya waiwaya.

Bara, ana dab da buɗe farauta, tsohon injin jirgin Clovis ya ce ga garinku. A daidai lokacin ne kuma aka yi wa Dewey aiki a ƙashin baya. Ya warke, amma sama-sama.

'Yarsa Odile, wadda ke kula da shi, ta kafa masa doka a gaban Clovis.

"Baba, ba zan hana ka fadama ba. Amma ranar da ka dawo min kana dafa bango, an gama. Bindigar zan kai gidana in kulle."

Dewey ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya san halin 'yarsa, kuma ya san in aka raba shi da fadama, sai dai kujera da talabijin har abin da hali ya yi.

Shi kuwa Clovis, hankalinsa yana kan sabon inji. Ruwan fadamarmu wani wuri bai kai gwiwa ba, ƙasansa kuma taɓo ne da ciyawa, don haka injin taɓo muke sa wa jiragenmu. Akwai ƙarami mai doguwar wutsiya, da farfela a can ƙarshenta, wanda ake tuƙawa a tsaye ana tafiya a hankali. Akwai kuma babba mai gajeriyar wutsiya, ka zauna abinka ka ba shi wuta, jirgi ya tashi kamar zai bar ruwa.

Babban Clovis yake so, kuma kowa ya san dalili. A wurinmu wanda ya riga isa tafki shi ke da shi a ranar. Shekara da shekaru samari masu manyan injuna suna wuce shi a hanya, su ɗaga masa hannu suna cewa, "Baba, tafiya kake yi ko hutawa?" Abin yana cin ransa ba kaɗan ba.

"Bana za su ga bayana," in ji shi. "Ko hular kaina ba za su hango ba."

Ya ɗauki Dewey suka tafi shagon injuna da ke bakin ruwa, inda ake bari mutum ya gwada kafin ya saya. Mai shagon ya shiga jirgin gwaji tare da su. Clovis ya murɗa wa babban injin wuta, jirgi ya ɗaga hanci ya cilla. Dattijo sai ihu yake yi kamar yaro ranar biki.

"Ƙara wuta, mutumina!" in ji Dewey daga gaba, bai juyo ba.

Clovis zai ƙara ke nan, sai idonsa ya sauka a kan abokinsa. Da sanyin nan, ƙeyar Dewey gumi take yi. Hannayensa biyu sun damƙe katakon zama, kuma duk lokacin da jirgin ya daki ruwa, sai ya ɗan ɗaga jikinsa da hannuwan don kada bugun ya kai ga bayansa.

Murnar Clovis ta koma ciki. Ya rage wuta, nan take gindin jirgin ya nutse, farfela ta shiga haƙar taɓo.

"Ai wannan ba ya son lallaɓawa, Baba," in ji mai shagon. "Nauyi gare shi. A ruwa kaɗan, ko dai ka yi gudu ko ka kafe."

Da suka dawo gaɓa, Dewey bai tashi ba. Ya ce wai yana kallon wani kifi. Clovis ya duƙa yana ɗaure igiyar jirgi, ya kwance, ya sake ɗaurewa, har sai da abokinsa ya samu ya miƙe.

A cikin shago Clovis ya tsaya gaban babban injin, ya shafa shi, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya juya ya nuna ƙaramin mai doguwar wutsiya.

"Wancan za ka ɗaura min."

Mai shagon ya dube shi. "Baba, a tsaye ake tuƙa shi fa. Da kafaɗa ake juya shi, kuma yana girgiza mutum. A shekarunka..."

"Shekaruna sun ce maka wani abu ne?"

"Haba, Clovis!" in ji Dewey. "Bayan duk kurin da ka cika gari da shi?"

"Ka ji yadda wancan ke zuƙar mai kuwa? Ni ba zan yi ta ciyar da ƙarfe ba."

"Marowacin banza."

"Na ji. Shiga mota."

Gari ya ɗauka. A wurin shan kofi aka sa wa Clovis suna Kunkuru. Da aka buɗe farauta, samarin suka ci gaba da wuce shi, har da masu rage gudu su tambaye shi ko yana da saƙo zuwa tafki. Kada ku ɗauka abin bai dame shi ba. Ya dame shi ƙwarai, mutum ne mai son a yaba masa. Amma ya haɗiye, ya ci gaba da lallaɓa jirginsa zuwa ƙananan kududdufan kusa, inda agwagi ba su da yawa.

Kullum suka dawo, Odile tana bakin ƙofa tana kallon tafiyar mahaifinta. Kullum kuma Dewey ya shige gida a miƙe, bai taɓa bango ba. Clovis ne ke komawa gida ya gasa kafaɗarsa da ruwan zafi, bai gaya wa kowa ba.

Ana nan sai iskar arewa ta taso da ƙarfi. Ku da kuka san fadama kun san aikinta: ta koro agwagi daga sama, ta kuma kore ruwan fadama zuwa teku. Da gari ya waye, ruwan da ya rage bai fi ya rufe idon sawu ba.

A bakin mashigar babban tafki suka tarar da manyan jiragen a kafe. Samari sun sauka cikin taɓo har cinya, suna turi suna haki. Ƙaramin jirgin Clovis, da yake ba nauyi, ya zo yana jan ciki a kan taɓon, farfelarsa tana fesa laka a baya, ya bi ta gefensu.

Dewey ya washe baki zai yi magana, Clovis ya ce, "Bar su, tsoho, sanyi ya ishe su." Ya miƙa musu butar kofinsa, ya ce su jira, in ya dawo zai ja su ɗaya bayan ɗaya. A fadama ba a barin mutum a kafe, ko da ya zage ka jiya.

Rabon Clovis da Dewey da babban tafkin nan an jima. Ranar su kaɗai ne a cikinsa. Dewey ya busa usur, agwagi suka yi ta saukowa kamar an aike su, kafin hantsi kowa ya cika adadin da doka ta yarda. A hanyar dawowa Clovis ya cika alkawari, ya tsaya riƙe da wutsiyar injin yana jan jiragen samarin har ya fitar da su ruwa mai zurfi.

Da suka isa gidan Dewey, Dewey ne ya fara dirowa daga mota, garau da shi. Clovis ya miƙa hannun dama zai ɗauko ɗaurin agwagin, hannun ya ƙi ɗaguwa, agwagin suka zube ƙasa.

Odile ta matso ta danna kafaɗarsa da yatsa. Dattijo ya saki ƙara.

"Kawu Clovis, tun yaushe?"

"Kwanciya ce na yi a kanta."

"Ƙarya yake yi," in ji Dewey, muryarsa ta yi ƙasa. "Ranar gwaji na ji lokacin da ya rage wuta. Na san me ya gani. Na san kuma me ya sa ya bar injin da yake so. Kunya ce ta hana ni magana, shi ya sa nake ta ce masa marowaci."

"To ai rowar ce," in ji Clovis, yana kallon ƙasa.

Odile ta dubi wannan, ta dubi wancan, idonta ya kawo ruwa.

"Ku biyun nan za ku kashe ni. Ni nan ina gadin baya, ashe kafaɗa ce ke lalacewa a waje. To ku ji. A jirgin nan na girma, na iya riƙe wutsiyar inji. Daga yau ni zan tuƙa, ku biyu ku zauna a gaba ku yi min shiru."

Shirun dai ba su yi ba. Amma ta tuƙa, kafaɗar Clovis ta huta, kuma har aka rufe farautar shekarar Dewey bai rasa fita ko ɗaya ba.

Darasi: In za ka zaɓi abin hawa, ko aiki, ko hanyar rayuwa, kada ka duba waɗanda kake son ka wuce kawai, ka dubi wanda ke zaune tare da kai. Rage gudu saboda wani ba faɗuwa ba ce, kuma alherin da ka ɓoye, Allah yana da hanyar mayar maka da shi. Ku tura wannan ga abokin da ya taɓa jiran ku a hanya bai ce komai ba.