Dami Dubu da Irin Geron Malam Nababa

A wani ƙauye da ake kira Rimin Tudu, tsakanin Dawakin Tofa da Bici, inda gona ke manne da gona har ba ka rabe su sai da layin gamba, an yi wani mutum mai suna Kamaruddeen. Ya ɗan haura shekara talatin. Yana da shago a bakin kasuwa inda yake cajin waya da gyaranta, sana'ar da ya koyo a zaman da ya yi a birni, a unguwar Bacirawa. Hannunsa yana da kyau, wannan kowa ya shaida. Ciwonsa ɗaya ne. In ya leƙa abu sau ɗaya, to a ganinsa ya gama saninsa, kuma duk wanda ya tsufa a kan abin nan ya zama abin dariya a wurinsa.

Mahaifinsa, Malam Nababa, ya rasu shekara biyu kafin wannan labari. Bai bar dukiya ba, sai gona ɗaya da wani irin gero. Shekara talatin Malam Nababa ya yi, duk kaka yana bin gonarsa yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika kuma ta riga saura nuna, yana ware ta. A hankali ya samu gero mai saurin nuna wanda ke isa girbi tun rumbunan mutane suna wayam. Shi ne ke raba gidan da yunwar tsakiyar damina. Bayan rasuwarsa, matarsa Inna Kaltume ta ci gaba da adana irin a cikin tukunya, ta gauraya shi da toka saboda ƙwari, ta liƙe bakin da laka.

Ana tsakiyar zafin bazara, 'yarta Ramlat ta haihu a Bici, Inna Kaltume ta shirya tafiya zaman jego. Da yake Kamaruddeen ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta tsaya a bakin zaure da ƙunshinta ta ce, "Kai, tukunyar nan ta ƙuryar ɗaki, kada a taɓa ta sai Baffanku Dallatu ya ce a shuka. In ya ce, a ɗebi rabi a bar rabi."

"To, Inna," in ji shi, idonsa a kan waya.

Kwana biyu da tafiyarta, Zubair tela ya shigo shagon. Zubair ɗan gwaggon Kamaruddeen ne, taubasai ne, ba sa haɗuwa su rabu ba su taɓa juna ba.

"Bawana, ajiye wannan mataccen batirin ka ga abin da ya fito," in ji Zubair. "Sabon wasa ne, shekaranjiya aka sake shi. Da Hausa aka yi shi kuma."

Sunan wasan Dami Dubu. Ana ba ka gona, da rumbu, da ɗan iri kaɗan. Kai za ka yi sharar gona, ka kai taki, ka shuka, ka nome, ka girbe. Daga damina sai damina, har ranar da ka ɗaure dami dubu a naɗa maka rawanin sarkin noma. Akwai wani tsoho mai malafa da yakan ɓullo a gefen gilashin wayar yana ba da shawara a rubuce.

Kamaruddeen ya tura wasan cikin wayarsa bayan sallar azahar. Kafin a kira la'asar ya gama damina ta farko, ya ɗaure dami arba'in. Ya ajiye wayar a kan teburi, ya taɓe baki.

"Wannan ne abin da kake ta rawar jiki a kai? Wasan goyo ne. Zanen dai ba laifi, kukan zabin nan ma ya yi kama da na gaske. Amma ko kaza ka ba wa wayar za ta ci."

"Damina nawa ka buga?"

"Ɗaya. Ai ba sai an shanye miya ake sanin gishirinta ba."

"Wannan miyar ƙasan tukunya ne da yaji," in ji Zubair. "Ni kwana biyu ina kai, ina damina ta biyu. Karanta abin da tsohon nan yake faɗa nake yi."

"Shi ya sa kake ɗinka riga ɗaya a wata," in ji Kamaruddeen, masu jiran caji suka kwashe da dariya.

Kamaruddeen yana da zaure a WhatsApp inda samari kusan ɗari biyu daga ƙauyukan kewaye ke sauraron shawararsa kan waya. A yammacin nan ya jingina wayarsa da kwalbar lemo, ya gyara hula, ya ɗauki bidiyo.

"Jama'a, ga Dami Dubu, na buga na gama da shi. In kuna son ku ci, ku saurara. Tsohon nan mai malafa, da ya ɓullo ku danna ku wuce. Surutu ne irin na tsofaffin gindin bishiya, ɓata lokaci kawai. Da kun ga hadari ya zubo, kada ku tsaya kallon sama, ku shuka nan take, wanda ya riga shuka shi ke riga girbi. Kuma kada ku bar ko ƙwaya a rumbu. Irin da ke kwance ba ya ba da maki. Ku zuba duka, ku cika rami. Wallahi da manoman garin nan za su buga wasan nan yini ɗaya, da sun gane abin da ya hana su arziki. Tsoro ne kawai da nawa."

Samari suka yi ta turo masa hoton tafi da na wuta. Wani ya rubuta, "Sarkin Noman Rimin Tudu!" Kamaruddeen ya karanta wannan ya fi sau goma, kansa ya ƙara girma.

Ranar Alhamis da la'asar sai ga hadari daga gabas. Iska ta taso, aka yi ruwa na ɗan lokaci, bai fi a ci tuwo a wanke hannu ba, ya ɗauke. Ƙasa ta tashi da ƙamshi, gari ya yi sanyi. Kamaruddeen ya tsaya a ƙofar shago yana kallon hanya. Ba wanda ya ɗauko sungumi. Ya girgiza kai, ya yi tsaki.

Da gari ya waye ya shiga ɗakin Inna, ya fasa lakar bakin tukunya, ya juye irin duka a buhu. Ya nemo 'yan ƙodago biyu, suka nufi gona.

Suna fara sara sai ga Baffa Dallatu, ƙanen mahaifinsa, yana dawowa daga kai taki da jakinsa. Ya tsaya, ya dubi buhun, ya dubi Kamaruddeen.

"Kamaruddeen, me nake gani haka?"

"Shuka, Baffa. An yi ruwa jiya, ko bai zo unguwarku ba?"

Tsohon ya tsuguna, ya tona ƙasa da hannu. Laima ta tsaya a gaɓar yatsa ta biyu. Ƙarƙashinta busasshen rairayi ne, har da ɗumi. Ya ɗebo ya buɗe tafinsa, iska ta kwashe.

"Ka gani? Wannan ruwan gaisuwa ne, ba na zama ba. Zai isa ya tayar da iri, ba zai isa ya raya shi ba. Sai laima ta kai taƙi guda, ta sama ta haɗu da ta ƙasa. Sannan dubi can." Ya nuna awaki suna yawo a gonar maƙwabta. "Mai unguwa bai yi shelar ɗaure dabbobi ba. Wa zai tsare maka su?"

"Baffa, wannan lissafin na da ne. Yanzu an auna komai."

"Wa ya auna?"

"Masana. Akwai shi a waya."

"Wayar ta taɓa kwana da yunwa?" in ji Baffa Dallatu. "To na ji. Gonar ubanka ce, ba zan yi kokawa da kai a kanta ba. Amma ka ba ni rabin irin nan in ajiye wa uwarka. Don Allah, Kamaruddeen."

Kamaruddeen ya yi murmushin nan nasa mai ciwo. "Ajiya dai, ajiya dai. Shekara nawa kuna ajiya, Baffa, har yau jaki ne motarku?"

Ɗaya daga cikin 'yan ƙodagon ya sunkuyar da kai don kunya. Baffa Dallatu ya miƙe, ya kakkaɓe hannunsa a jikin riga, ya kora jakinsa.

Da suka kai tsakiyar gona, mai zuba irin ya ɗago ya ce, "Maigida, yadda ka ce a cika ramin nan, ba abin da zai rage fa."

"Shi nake so," in ji Kamaruddeen. Kafin azahar buhu ya zama fanko.

Kwana uku gero ya tsiro, kore shar, layi-layi, shi kaɗai a duk faɗin karkarar. Kamaruddeen ya tsaya a tsakiyar gonar ya ɗauki bidiyo. "Ga shi nan, jama'a. Su suna gindin bishiya suna jiran laima ta gaisa da laima." Aka sake yi masa tafi.

Daga nan sama ta washe kamar an share ta. Rana ta buɗe. Kwana biyar, ganye ya fara naɗewa. Kwana goma, tsiron ya koma kamar zaren da aka babbaka. Ɗan abin da ya yi saura a kwari, inda ƙasa ta fi riƙe sanyi, awakin gari suka gano shi, don babu wani kore a ko'ina sai nan. Kamaruddeen ya rufe shago yana bin su da jifa daga wannan kusurwa zuwa waccan. In ya kori na gabas, na yamma sun shigo. Da ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka ce masa, "Mun yi shela ne? Kai ka shuka wa awaki, sun kuma gode."

Ranar da ya koma shago, baƙi ƙirin da ƙunar rana, ya tarar da Zubair zaune a benci.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Noma," in ji Zubair. "Ina rawanin? Ko awaki sun haɗa da shi?"

"Ka rabu da ni, Zubairu."

"Zan rabu da kai, amma sai ka ga wannan. Jiya na shiga damina ta huɗu."

Ya miƙa masa wayar. A cikin wasan hadari ya zubo, ya ɗauke. Sai tsoho mai malafa ya ɓullo, rubutu ya fito a ƙarƙashinsa: a tona ƙasa a duba zurfin laima kafin a shuka, ruwan farko yakan yi yaudara, kuma kada a fitar da iri duka daga rumbu.

"Damina uku na farko koyarwa ce, ruwa ba ya saɓa alkawari," in ji Zubair. "Daga ta huɗu wasan yake farawa. Duk yaran da suka bi shawararka shukarsu ta ƙone a nan, suna ta zaginka a zaure. Su dai sai su danna su koma farko."

Kamaruddeen ya daɗe yana kallon tsohon nan na cikin gilashi. Ya miƙa wayar ba tare da ya ɗago ba.

Kwana ashirin da uku bayan shukarsa aka yi ruwan gaske, tun hantsi har azahar. Mai unguwa ya sa aka yi shela, kowa ya ɗaure dabbarsa. Washegari da sassafe ɗan acaɓa ya sauke Inna Kaltume a ƙofar gida. Ta baro jego ne don kada shuka ta wuce ta. Ko mayafi ba ta cire ba ta shiga ɗaki. Kamaruddeen yana tsakar gida, ya ji ƙarar tukunya da aka jawo, mara nauyi.

Ta fito riƙe da ita. Toka ce kawai a gindinta.

"Kai, ina rabin?"

Ya durƙusa. "Inna, na shuka duka. Ya ƙone."

"Baffanku ne ya ce a shuka?"

"A'a. Ya hana ni."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a kan turmi, ta sa hannu cikin tokar tana lalube, ko Allah zai sa wata ƙwaya ta maƙale. Ba ta samu ba.

"Zan sayo wani a kasuwar Bici, Inna. Buhu guda ma in kina so."

"Gero za ka sayo," in ji ta. "Gero kam akwai shi a kasuwa. Wannan ba a sayar da shi. Duk shekara in ya fitar da kai, nakan tsaya a bakin gona in ga kamar Malam ne bai tafi ba. Yanzu ya tafi."

Ta kife tukunyar a gindin bango, ta ɗauki ƙwarya ta nufi gidan Baffa Dallatu roƙon iri. A shekarar, geron da suka shuka sai da ya kai lokacin na kowa kafin ya nuna, kuma a watan da rumbu ya ƙare gidan Malam Nababa ya kwana da yunwa karo na farko cikin shekaru masu yawa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kallon farko ba sani ba ne. Wanda ya taɓa abu yini ɗaya ya hau koyar da mutane, kansa zai fara cuta kafin ya cuci masu sauraronsa. Kada ka raina maganar wanda ya daɗe a kan aiki don ka ga rigarsa ta tsufa, domin abin da yake faɗa maka a kyauta da wahala ya saye shi. In an ba ka amanar abin da wasu suka shekara suna tarawa, ka ji tsoron Allah ka tsaya inda aka ce ka tsaya. Wasa yana yafe ganganci, amma akwai abin da in ya salwanta a hannunka, nadamar duniya ba za ta dawo da shi ba.