Takwarar Ƙanwar Ɗan Gwangwani

Ku matso, akwai wata shari'a da nake so ku yanke mini.

An yi wani akawu mai suna Ɗantala. Wata rana ya ga ɗan shugabansu na ofis, yaro kumatu kamar alkubus, aka ce masa madarar gwangwani yake sha. Da matarsa Azumi ta haifi ɗansu na fari, sai ya tsaya ranar suna ya shaida wa jama'a cewa ɗansa ma ita zai sha, nono kuwa na waɗanda ba su da albashi ne.

Wata na farko lafiya lau. Daga nan duk zuwan da zai yi kanti sai ya tarar kuɗin madara ya hau, gwangwanin kuma ba ya kai mako. Agogonsa ya tafi, fanka ta bi shi, rediyo ma ya bi sahu. Da abin sayarwa ya ƙare, sai ya shiga rage cokali yana ƙara ruwa, ya kuma jera gwangwanayen da suka ƙare a kan taga don baƙi su gani. Yaro ya dinga ramewa. Azumi tana gani, amma kunyar ɗan fari ta hana ta nuna damuwa a gaban mutane, nononta kuma ya riga ya janye saboda rashin tsotso.

Mata uku ne suka kawo wa yaron ɗauki. Ta farko ita ce Balaraba, yayar Ɗantala. Ta zo ganin yaro, ta ɗaga shi ta ji ba nauyi. Ta ɗiga abin da ke cikin bulumboti a harshenta, ta ce, "Ɗantala, wannan ai ruwa ne da ya hango madara daga nesa." Ta goya yaron, ta tasa ƙanenta a gaba har asibiti, ta tsare shi sai da ya faɗi gaskiya. Aka yi wa yaro magani, aka ce nonon uwa zai iya dawowa idan ta ci ta ƙoshi, yaro kuma ya yi ta kamawa. Ba don Balaraba ba, da ba wanda ya san abin da ake ciki.

Ta biyu ita ce Lantana, maƙwabciyarsu, wadda ke shayar da 'yarta. Tun suna da ciki ita da Azumi suka ƙulla cewa in mace da namiji aka samu, za a haɗa su aure. Ta san in yaron ya sha nononta ya zama ɗan'uwan 'yarta, aure ya haramta. Ta dube shi, ta karɓe shi ta sa a ƙirji, ta ce ta yi asarar suruki ɗan akawu, amma dai suruki mai rai ake aura wa 'ya. Haka ta riƙa shayar da biyu, 'yarta tana harbin baƙon da ƙafa. Ba don Lantana ba, da yaron bai kai lokacin da nonon uwarsa zai dawo ba.

Ta uku ita ce Inna Tasalla, mahaifiyar Azumi. Ta taso daga ƙauye da gero da gyaɗa, ta dama kunu, ta zauna a bakin ƙofa da muciya a hannu. Azumi ta ce cikinta ya cika, Inna ta ce ba cikinta ake tambaya ba. Naman da ke kwanon Ɗantala ya koma kwanon mai jego da na Lantana, shi kuwa ya haƙura ya ci tuwonsa da miya zalla, don surukarsa ce. Ta hana Azumi kunya, ta sa ta ɗora yaro safe da yamma har nono ya sauko. Ba don Inna Tasalla ba, da har yau a gidan maƙwabta yake cin abinci.

Yaro ya murmure, ya yi ƙiba har goya shi ya zama aiki. Cikin murna Ɗantala, wanda bai daina alkawari a gaban jama'a ba, ya rantse cewa in ya samu 'ya mace zai sa mata sunan wadda ta ceci ɗansa. Kowacce a cikin ukun ta yi godiya.

Bana Azumi ta haifi mace, ita kaɗai. Liman ya zauna, an raba goro, rago yana ɗaure, ana jira Ɗantala ya raɗa suna.

To, ku faɗa mini: tsakanin Balaraba da Lantana da Inna Tasalla, wace ce za a yi wa takwara?