Fararen Fistin Huɗu Daga Maraɗi

Akwai wani bakanike da aka yi a Jibiya wajen shekarar 1955, ana ce masa Kofur Uwaisu. A soja ya koyi gyaran mota lokacin yaƙin Bama, da ya dawo gida ya kafa rumfa a bakin hanyar da ta miƙe zuwa Maraɗi.

Kafin in faɗi laifinsa, bari in ba shi haƙƙinsa: mutumin nan ya iya aiki. Inji na tashi zai karkata kunne ya gaya maka abin da ke damunsa, in an buɗe kuma haka za a tarar. Matsalarsa ɗaya ce, ya san ya iya. Ba a taɓa jin Kofur ya ce "ban sani ba", ko da hanyar ƙauyen da bai taɓa zuwa ba aka tambaye shi.

A garin akwai wata dattijuwa, Inna Nagoggo. Mijinta Malam Abdu ya rasu ya bar mata marayu huɗu da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, ƙirar Ingila, tun ta kafin yaƙi. Da motar nan gidan yake ci. Direbanta ya kai goro da atamfa Maraɗi, ya dawo da gyaɗa, haka ake yi mako bayan mako.

To, ana nan sai injin ya gaji. Hayaƙi kawai yake yi yana shan baƙin mai. Kofur ya sauke shi, aka kai gangar injin Kano aka rarake ramukan nan huɗu da fistin ke hawa da sauka a ciki. Masu aikin suka aiko da saƙo ƙarara: bangon ramukan ya yi siriri, wannan ce rarakewa ta ƙarshe, kuma an daina kawo irin wannan inji. Sun rarake ne daidai da fistin na baƙin ƙarfe, irin wanda motar ta zo da shi, kuma sababbi za su iso daga Ikko nan da wata guda.

Wata guda! Kofur ya ji kamar an zage shi. Ya bi wata babbar mota zuwa Maraɗi, ya dawo washegari da ƙunshi a cikin tsumma. Fistin huɗu ne na alminiyam, daga motar Faransawa, farare tas, ba nauyi. Ya auna faɗi, ya auna tsayi, ya zura ɗaya a rami ya ga ya sauka sumul. Daɗi ya kama shi har ya aika a kira Inna Nagoggo.

Ta duba fistin ɗin, ta duba shi. Ta ce, "Kofur, ni ban san ƙarhe ba. Amma in jira ne, in jira. Mota guda gare ni, ɗana."

Ya ce, "Haba Inna, ni ne hwa. Wanga shi ne na zamani, shi Turawa ka sawa yanzu. Ran Lahadi da kaina zan ja ki har Maraɗi."

Kusa da rumfar Kofur akwai maƙera. Mai ita wani tsoho ne, Bawa, wanda ya gaji ƙirar fartanya da gatari, daga baya ya koyi narka farin ƙarfe, wato alminiyam, yana zuba ludayi da tukwane. Bai taɓa riƙe sitiyari ba, bai san sunan ko ƙusa ɗaya a jikin inji ba. Ranar da Kofur zai ɗaura fistin, direbobi sun cika benci suna kallo, sai ga Bawa ya leƙo neman aron ashana.

Ya ɗauki fistin ɗaya ya jinjina a hannu. Ya ɗauki tsohon na baƙin ƙarfe shi ma ya jinjina. Sannan ya zura farin a ramin, ya girgiza shi, ya ji ko motsi ba ya yi.

Ya ce, "Kofur, ka bar mashi wuri kuwa?"

"Wurin mi?"

"Wurin kumbura. Wanga hwarin ƙarhe in ya sha wuta buɗewa shikai, ya hi baƙi nesa. Kullum ina gani a maƙera. Yanzu da sanyi ya shiga, amma in ciki ya ɗau zahi ina za shi?"

Wani direba ya tuntsire da dariya, sauran suka bi.

Bawa bai kula su ba, ya ci gaba: "Kak ka yarda da ni. Sa tukunya bisa wuta, ka jefa hwarin da baƙin su tahwasa tare, ka hiddo ka gwada kowane a ramin. Aikin shan hura ne."

Jama'a, ga gaskiyar da Kofur bai gaya wa kowa ba a lokacin: shi ma shakka ta kama shi. Ya tuna a soja wani Bature ya taɓa maganar barin rata ga farin fistin, amma bai riƙe ko nawa ba ne. Da su biyu ne kawai a rumfar, na tabbata da ya ɗora tukunyar. Amma ga direbobi goma sun zuba masa ido, suna jira su ga ko maƙerin ludayi zai koya wa Kofur inji.

Sai ya karɓe fistin ɗin daga hannun tsohon ya ce, "Baba Bawa, nan gareji ne, ba ɗakin girki ba. Ga ashana, a koma a hura wuta."

Aka sake kwashewa da dariya. Bawa ya karɓi ashanarsa, ya ce Allah shi ba da sa'a, ya fita.

Ran Lahadi da hantsi aka tayar da injin. Kai, sai ka ji! Ba hayaƙi, ba ƙara, tafiya yake lafiya lau. Kofur ya zaga kasuwar Jibiya sau biyu yana danna ham, ba don komai ba sai don a gani. Aka loda goro da atamfa, Inna Nagoggo ta shiga gaba, suka kama hanya.

Bazara ce, rana ta take. A shingen kan iyaka wajen Magama suka daɗe a layi, Kofur ya ƙi kashe injin don ma'aikatan kwastan su ji daɗin muryarsa. Da suka wuce, hanya ta zama yashi zalla. Mota na tafiya a ƙaramin giya, injin na nishi.

Can sai ya ji ta fara nauyi a ƙafarsa. Wani wari ya taso, irin na tukunyar da aka manta a kan murhu.

Inna Nagoggo ta ce, "Kofur, ka tsaya ta huce mana. Ba wanda ka korar mu."

Ya san ta faɗi daidai. Kunnen nan nasa da ba ya ƙarya ya riga ya gaya masa. Amma akwai wata babbar mota a bayansu, kuma direbanta na cikin waɗanda suka yi dariya a rumfa. Kofur ya ce, "Sabon aiki ne, Inna, shina warwarewa." Ya ƙara taka totur.

Ba su yi tafiyar kirki ba aka ji ƙara, ƙwas! Motar ta yi tsalle ta tsaya cik. Ruwa da baƙin mai suka tsiyayo ƙasa, yashi na shanyewa.

Da bijimai biyu na wasu makiyaya aka ja ta zuwa Jibiya, ta gaban kasuwar nan da ya zaga da safe. Da ya buɗe injin, ya tarar fistin biyu sun kumbura sun manne da bango, ɗaya ya karya sandar ƙarfen da ke riƙe da shi, sandar ta fasa gangar injin ta leƙo waje. Ba gyara. Kofur ya zauna a ƙasa cikin maiƙo, ya rasa inda zai sa kansa.

Bayan kwana goma sha tara aka aiko da fistin na baƙin ƙarfe daga Ikko ta Kano, sababbi fil, a cikin takarda mai maiƙo. Ba injin da za a sa su.

A ranar ya tafi gidan Inna Nagoggo, ya tsaya a zaure ya yi sallama. Da ta fito ya durƙusa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba tun da ya cire kaki.

Ya ce, "Inna, ba ƙaddara kaɗai ba ce. An hwaɗa mani, na ƙi ji. Ni ma ban tabbata ba, amma na ji kunyar in ce ban sani ba."

Ta dube shi a durƙushe. Sannan ta ce, "Da ka ce ba ka sani ba, ɗana, da ni da kai kaɗai za mu ji. Na yahe maka. Tashi, in je in ga abin da yara za su ci."

Ta sayar da matacciyar motar ta sayi jakuna uku. Daga nan, duk ranar tafiya, Kofur na zaune a rumfarsa zai hango ta tafe a ƙasa bayan jakunan, sanda a hannu, da tsufanta, ta nufi hanyar Maraɗi. Ba ta taɓa sauya hanya ba, ba ta taɓa ɗaure masa fuska ba. Kullum sai ta tsaya ta ce, "Kofur, an tashi lahiya? Ya aiki?"

Ya sha gaya wa mutane cewa da zaginsa take yi, da ya fi samun sauƙi.

Darasi: Abin da ya yi daidai a sanyi ba lallai ne ya jure zafi ba, don haka a gwada kafin a ɗaura. Kada ka raina shawara don mai ba da ita ba ɗan sana'arka ba ne, kuma kada kunyar cewa "ban sani ba" ta sa ka salwantar da amanar wani, domin sau da yawa ba kai ne za ka ɗauki wahalar girman kanka ba. Ku tura wa duk wanda ake damƙa wa kayan mutane a hannu, bakanike ne ko tela ko magini, wataƙila ku ceci motar wata Inna Nagoggo.